Shaf na ƙara in ka karya kwana? Cusa giris ba zai warkar da shi ba

Assalamu alaikum direbobi, da iyayen gidanmu na gareji. Bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, wanda aka cusa giris da yatsa cikin yagaggiyar robar shaf, aka naɗe da leda, ƙara ta ɗauke nan take, shi ya sa muka shimfiɗa buhu ƙarƙashin wannan Golf ɗin yau. Ƙarar ta ɗauke da gaske, amma shaf ɗin bai warke ba. Ku biyo mu ku gani da idonku.

Ga shaf ɗin nan. Shi ke ɗauko ƙarfi daga giyabos ya kai wa tayar gaba. Biyu ne, hagu da dama, kuma a yawancin motoci tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kowanne yana da kai biyu. Na ciki, wajen giya, yana shiga yana fita in mota ta faɗa rami. Na waje, wajen taya, shi ke lanƙwasawa in ka karya sitiyari, har wajen digiri 45, yana kuma juyawa.

Gane mai laifin ba wuya. Samu fili, ko na ƙwallon yara ne a bayan gari, karya sitiyari har ƙarshe, zagaya a hankali da giya ɗaya, ka sake da ribas. Ka ji kas-kas-kas? Kan waje ne. In kuwa karkarwa motar ke yi lokacin da ka taka totur da lodi, ka saki ta daina, kan ciki za ka tuhuma. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuma yawanci boris ne, kada ka ɗora wa shaf.

Kwancewa, da sauri. Sassauta babban notin shaf da ke tsakiyar taya tun mota na ƙasa, yaro ya taka birki. A Golf 3 da yawancin Corolla lamba 30 ne. Ɗaga da jak, ka tokare da ƙarfe ko katako mai ƙwari. Don Allah ban da bulo, yana farfashewa ba sallama. Cire bol joyin, tura kan shaf baya. In ya ƙi, ɗora katako ka buga, kada guduma ta taɓa zaren noti. A Golf notuna shida ne ke riƙe da shi a jikin giya. A Corolla ɓanɓaro shi ake yi, man giya zai zubo, sai a tara roba.

To, ga inda muke so ku tsaya. A matso da kyamara.

Wannan shi ne cikin kan waje: ƙwallayen ƙarfe shida, kejin da ke riƙe da su, da kwari shida da suke zirga-zirga a ciki. Ku dubi abin da ke kan yatsan nan. Giris ne, amma ku ji yadda yake ƙaras-ƙaras in an murza shi. Yashi ne. Roba ta yage, motar ta bi jigawa da rani, ta tsallaka kwata da damina, duk ya shige. Giris da yashi in suka haɗu sun zama dutsen niƙa, ƙarfen suke ci dare da rana. Wanda ya ƙara sabon giris a kan wannan, ya cike gurbin da ya cinye ne kawai, shi ya sa ƙarar ke yin shiru na ɗan lokaci. Yashin yana nan yana aikinsa. Ko sabuwar roba ka sa a kai ba ka wanke ba, ka kulle shi ne a ciki.

Saboda haka wanki dole ne. Karkatar da kejin, ka fitar da ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito. Wanke komai da kananzir da buroshi har sai ruwan ya fito fes, sannan ka bar shi ya bushe sarai. Kananzir ɗin da ya rage yana tsinka sabon giris.

Yanzu sa farce cikin kwarin nan, ka ja. In ya wuce sumul, ko da wurin yana sheƙi, kan yana da sauran rai. In farce ya sarƙe a rami kamar nan, ko ƙwallo ya yi tabo, ko keji ya tsage, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, magana ta ƙare, sai sabo. Wannan ramin da kuke gani shi ne kas-kas ɗin: duk juyi ƙwallo ya faɗa ya fito. Babu girisin da ke cike ƙarfe. A ganinmu, shaf ɗin da ya riga ya fara ƙara bai cancanci kuɗin roba ba ma.

In ya tsira, sai giris nasa na kansa, baƙi-baƙin nan mai sinadarin moli da ke zuwa a leda tare da sabuwar roba. Ruwan ɗorawan nan na gwangwani na boris ne, ba ya jure matsin da ke cikin kan shaf. Gram 80 zuwa 120 ake sawa gwargwadon mota, rabi cikin kan, rabi cikin roba. Kada a cika maƙil don son alheri, roba za ta kumbura ta fashe. Kafin ka matse kilif, ɗaga bakin robar kaɗan iska ta daidaita. Kilif na ƙarfe, wanda ake matsewa da filaya. Waya tana yanka roba, tsirkiyar tib kuma tana saki in ta ji zafi.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa sayen wani, sabo ko Beljiyam, ya tafi da tsohon a hannu. A gwada tsawo, a ƙirga haƙoran kai biyun, in motar mai ABS ce (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a ƙirga haƙoran zoben da ke kan waje ma, in ba haka ba fitilar ABS za ta kama. Na Beljiyam kuma a matsa robarsa a duba tsaga a cikin lanƙwasa. Kuɗin mota daga Gumel ko Ringim sau biyu ya fi ƙarfin wannan ɗan ƙirgen.

Mayarwa. Duba sil ɗin giya, in yana jiƙe canza shi yanzu da hanya take buɗe. A Golf mayar da notunan nan shida; a Corolla tura shaf har ka ji ƙas, ka ɗan ja shi ka tabbata ya kama. Kada ka bar shi yana reto. Cika man giya. Babban noti sabo ya fi, kuma awon ɗaurinsa yawanci ya haura Nm 200 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne): yawancin Golf 3 na son 265. Sifana mai awo ake nema a nan. Tsalle a kan bututu ba awo ba ne, in ya yi sako-sako ko ya wuce kima boris ne zai biya. Kuma kada a tura mota ko taku ɗaya noti na kwance.

Masu lodin riɗi da gero zuwa Maigatari, duk ranar juyen baƙin mai a karya sitiyari a leƙa robobin nan huɗu. Bayan mako ɗaya da wannan aiki kuma a dubi cikin rim: in an ga feshin baƙin giris, kilif ya saki, a koma gareji a matse shi kafin yashi ya shiga.