Fodkas: Me Turawa ke nufi da "bombshell"?

Zainab: Masu sauraro, assalamu alaikum. Malam Bello, kalmarmu ta yau ita ce "bombshell". Da wuya mako ya wuce ban gan ta a kanun jaridun Turanci ba.

Malam Bello: Asalinta kalmar yaƙi ce, Malama Zainab. Harsashin igwa ne da ake ɗura wa albarushi, in ya sauka ya tarwatse. Tun ƙarni na 18 Turawan Ingila ke kiransa haka. Daga baya aka ari sunan aka ba labari.

Zainab: Wato labarin ba-zata ke nan?

Malam Bello: Ba-zata ta yi mata kaɗan. In ƙanwarki ta iso daga Zariya ba sanarwa, ai murna za ki yi, ki ɗora tukunya. Ita kuwa wannan sai wani ya buɗi baki ya faɗi magana, wuri ya yi tsit, kuma daga nan al'amura ba su koma yadda suke ba. Shi ya sa suke haɗa ta da "drop", kamar an sako ta daga sama.

Zainab: Irin ta ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, a jawabinsa na kama mulki?

Malam Bello: Yauwa! Kafin mako ya zagayo, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500. Kowane gida ya ji a jikinsa. Abin da ke damuna shi ne yanzu ko ɗan siyasa ya yi ƙorafi kan abokin hamayyarsa sai a liƙa masa kalmar. 'Yan jarida sun sa ta yi sanyi.

Zainab: A Hausa ni sai in ce "ya fasa ƙwai".

Malam Bello: Ya yi kusa, amma fasa ƙwai tona asiri ne. Ni "kamar saukar aradu" ta fi kwanta mini, don akwai ƙara, akwai firgita.

Zainab: To, na kuma ji ana kiran mace da ita.

Malam Bello: Ƙwarai. Jaruma Jean Harlow ta fito a wani fim mai wannan suna a Amurka a 1933, sai kalmar ta bi mata masu kyau da ɗaukar ido. Amma tana ɗauke da ƙanshin sha'awa, don haka ɗalibanmu su kiyaye, kada wani ya faɗa wa abokiyar aikinsa yana zaton yabo ne kawai.