Ƙyallen da ba a yarwa: lacca kan aikin fasaha na haɗin hannu, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na ko? To madalla.

Kafin komai bari in nuna muku wannan. Ƙyallen atamfa ne daga zanen mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, da shi ta goya mu mu biyar, duk ya koɗe bakin ma ya zare amma wallahi ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba. Tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ta saye shi, su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL. Kowa a nan yana da irinsa a ƙasan akwati, kuma a kansa nake son mu yi magana, abin da zuciya ta shaƙu da shi da yadda yake faɗin ko kai ɗan waye.

Akwai wani mai aikin fasaha El Anatsui, mutumin Gana ne amma tun 1975 ya zo koyarwa a jami'ar Nsukka. Murafen kwalabe yake tarawa a baje su a huda a ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton zane mai rufe bango, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, samari ne da yawa a ɗakin aikinsa kowa na haɗa nasa yankin, sannan masu ratayewa ma yakan bar su su lanƙwasa yadda suka ga ya dace. A 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a babban bikin baje kolin fasaha na Venice a Italiya.

Mu fa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ku duba babbar riga mai aska takwas a birnin Zariya, wani ne zai zana, wani ya zauna a zaure wata da watanni yana ɗinki, sannan a kai wa mai bugu. Hannu nawa ke nan a riga ɗaya? A Zariyar dai a 1958 su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suna ɗalibai suka haɗa ƙungiya suka ce a riƙa cuɗa abin da aka koyo a aji da na gida.

To bara na gwada irin wannan aikin haɗin hannu da ɗalibaina. Kun san tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, wasu wannan ƙetaren kogi wasu wancan, akwai yaron Tudun Wada da bai taɓa shiga gidan kowa a Sabon Tasha ba. Na ce kowa ya kawo ƙyalle daga gida, sharaɗi ɗaya, ba za ka ɗinka naka ba, sai ka miƙa wa na kusa da kai ka faɗa masa na waye, shi zai ɗinka. Wata yarinya daga Narayi ta kawo aljihun rigar aikin babanta na masaƙa, tana cikin bayani muryarta ta fara rawa, yaron da ya karɓa ɗan Kawo ne, ya riƙe aljihun nan ya daɗe bai soka allura ba, can ya ce mata kakansa ma a masaƙa ya yi aiki har aka rufe. Ni kaina sai da na share hawaye ran nan.

Abin da suka ɗinka shi ne wannan da ke rataye a bayana, in mun tashi ku matso ku taɓa, an yarda. Na bar fili ta gefen hagu ba a ɗinke ba, ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba, allura da zare akwai, ƙyallen kawai za ku zo da shi.