Ni da littafin soyayyar Turawa a duhun Disamba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Bari in juya kyamara ku ga waje. Ƙarfe huɗu ke nan a Edinbura, duhu ya riga ya rufa. Haka Disamba take a Sikotland, hasken rana bai wuce awa bakwai ba, azahar da la'asar da magariba kuwa a jere suke zuwa, kina naɗe darduma waya tana sanar da ke wata.

An yi hutun Kirsimeti, abokan karatuna duk sun watse gidajensu. Jiya kaɗaici ya ishe ni, na faɗa wani shagon gwanjo na taimakon mabuƙata, na sayo wannan littafi fam 2. Ku dubi bangonsa: ƙanƙara, fitilu, da shagon littattafai mai jar ƙofa.

Labarin wata baiwar Allah ce da ta gaji shago daga kakarta, bashi ya yi masa katutu. Sai ga wani saurayi mai ɗaure fuska an turo shi ya yi wa ginin kuɗi a sayar. Tun shafi na 10 na san aure za su yi. Ban damu ba wallahi, abin da na biya kuɗina ke nan.

Dariya ta kama ni da na tuna littattafan soyayyar Kano da muke karɓowa haya muna sakandare, mu ɓoye su cikin littafin lissafi. Can mai raba masoya ba ya wuce kishiya, ko uwar miji, ko wani Alhaji da mahaifi ya yi wa alkawari. Nan babu ko ɗaya. Banki ne mugu a labarin! Kuma yarinya ta kusa amsa wa mutum soyayya, har yanzu ba wanda ya tambayi asalinsa, balle a turo magabata. Da Yaya Babba ce ke karantawa, da ta yi jifa da shi tun tuni.

Amma wurin da ya taɓa ni daban ne. Akwai wani tsoho da ke zuwa shagon kullum, ba ya sayen komai, ɗumi kawai yake nema da wanda zai ce masa sannu. Nan na ajiye littafin na ɗan yi shiru, don ni ma abin da ya kai ni shagon jiya ke nan.

Af, irin wannan shago akwai shi da gaske. Wigtown, wani ɗan gari a kudu maso yammacin Sikotland, tun 1998 aka naɗa shi garin littattafai na ƙasar. Akwai shagon da ake kira The Open Book, ki kama ɗakin sama, ki sauko ki yi ta sayar da littattafai kamar naki ne. Layin jira ya kai shekaru, amma zan sa sunana.

Saura shafi 40, shayina ya huce. Bari in ɗora wani in ga ko mutumin nan zai yaga takardar cinikin. Sai mun haɗu.