Lacca: Ta Ina Ɗan Kutse Yake Shigowa Waya?

Assalamu alaikum. Jama'a, kowa ya fito da wayarsa ya riƙe a hannu, domin a kanta za mu yi darasin yau.

Kalma ta farko ita ce kutse, wato wani ya shiga asusunka ko na'urarka ba da izininka ba. Mutane suna ɗauka sai gwanin kwamfuta ne yake iya wannan. Galibi ba haka ba ne. Mai asusun ake yaudara har ya miƙa makullin da hannunsa. Wannan yaudara ita ake kira fishin: a ɗana maka tarko da saƙo, ko kira, ko shafin bogi mai kama da na banki.

Ga yadda ake ƙwace WhatsApp. Ɗan damfara zai sa lambarka a tasa wayar, sai WhatsApp ya turo maka saƙo mai lambobi 6. Nan take ya kira ka, ya ce an buɗe sabon zauren 'yan makarantarku, ka karanto masa lambar a saka ka. Kana karantowa, asusun ya koma hannunsa, ya fara neman rance daga 'yan'uwanka da sunanka. Irin wannan lamba ita ce OTP, lambar amfani sau ɗaya. Ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake kira. Ma'aikacin banki na gaske ba ya tambayarta.

Maganinsa shi ne tantancewa mai mataki biyu, kamar ƙofa mai kwaɗo biyu. A WhatsApp a shiga Settings, a taɓa Account, sannan Two-step verification, a sa lambar sirri mai alƙaluma 6, a ƙara adireshin imel saboda mantuwa. Ku yi yanzu, ba zai kai minti biyu ba.

To, sai layin waya, kuma nan ne na fi so ku buɗe kunne. Da yawa muna kulle waya da zanen yatsa, mu bar sim a buɗe. Ɓarawo ya cire shi ya sa a ƙaramar waya mai maɓalli, shi ke nan. OTP zai riƙa shigo masa. Idan ya danna *565*0#, BVN ɗinka mai alƙaluma 11, wato lambar shaidarka ta banki, zai bayyana, daga nan ya fara gwada hada-hadar banki ta USSD, wato ta danna lambobi irin waɗannan. Don haka a sa wa sim lambar sirrinsa daban. Amma a kula: in aka yi kuskure sau 3 zai kulle, sai da lambar PUK mai alƙaluma 8, wadda take jikin katin da sim ya zo a ciki. In aka yi kuskuren PUK sau 10, sim ya mutu. Kada a yi cinke. Ranar da waya ta ɓace kuwa, a fara rufe asusun banki da layi kafin a shiga cigiya.

Kalmar sirri: tsawo ya fi ƙawa amfani. Lamba mai alƙaluma 4 hanyoyi 10,000 kacal gare ta, kuma shekarar haihuwa ce farkon abin da ake gwadawa. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, kuma kowane asusu da tasa.

Saura manhajar cutarwa, wadda muke cewa bairos. Ta fi shigowa ta fayil ɗin APK, wato na saka manhaja a waya, da ake turowa a zauruka, da sunan tallafi ko data kyauta. Akwai nau'in da yake kulle fayilolinka ya nemi kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017, wani irinsa mai suna WannaCry ya shiga kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da aka bi, waɗanda abin ya shafa ba su ɗora shi ba ne. Idan waya ta ce a sabunta ta, a jona caji a bar ta ta gama, ko da za ta ci data.

Wanda bai ga wurin kulle sim a wayarsa ba ya ɗaga hannu, mu duba tare.