Jifa ko gudu? Lacca kan kai hari a ƙwallon Amurka

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Ƙwallon da zan yi magana a kansa yau ba wanda muke kallo a gidan kallo ranar Asabar ba ne. Na Amurka ne, mai hular kwano da kafaɗun roba, wanda ake dama shi da hannu. Dokarsa a taƙaice: ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma. Ko dai ɗan wasa ya rungume ƙwallon ya kutsa cikin mutane, wato gudu, ko kuma mai jifa ya wurga shi gaba wani ya cafe. Tambayar ita ce, ƙungiyar da ba ta iya kutsawar nan ba, za ta kai labari?

Tsofaffin kociyoyi za su ce sam. Amma a 1978 hukumar NFL, mai kula da babbar gasar ƙwallon Amurka, ta sauya doka, ta hana masu tsaro bangaje mai zuwa cafe ƙwallo da zarar ya wuce yadi biyar. Nan jifa ya samu gindin zama. Sai ga koci Bill Walsh a ƙungiyar San Francisco. Dabararsa, maimakon a ba mutum ƙwallo ya ci yadi huɗu da ƙirjinsa, a jefa masa gajeren jifa ya ci yadin nan huɗu a sarari. Shi da mai jifansa Joe Montana, kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, uku suka ɗauka tare.

Ku riƙe wannan misalin. A kakar 2011, cikin ƙungiyoyi 32, New York Giants ce ta kashin baya a gudu da ƙwallo. Ta ƙarshe fa! Duk da haka mai jifansu Eli Manning ya yi jifan yadi 4,933, suka je suka doke New England 21 da 17 suka ɗauki kofi. Af, cikin masu tsaronsu har da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Kada ku raina wannan, domin masu tsaron nan sun ɗauke wa Manning rabin kaya. Arizona a 2008 da Indianapolis a 2009 su ma sun zo na ƙarshe a gudu, sun kai wasan ƙarshe, sai dai duka biyun sun koma gida hannu rabbana.

Saboda haka in ka tambaye ni, zan ce ana iya yi, amma sai kana da gwanin jifa irin su Kurt Warner na Arizona ko Peyton Manning na Indianapolis a wancan lokacin. Irinsu nawa ne a duniya?

Kuma akwai ranar da jifa ba ya ceton kowa. A Disamban 2021 iska ta taso a Buffalo kamar za ta yaye rufin gari. New England sau uku kacal suka yi jifa a wasan gaba ɗaya, suka ci 14 da 10.

Abin da ya fi iska muhimmanci shi ne agogo. In aka yi jifa ƙwallo ya faɗi ƙasa, agogo tsayawa yake. In aka kayar da mai gudu a cikin fili, agogo na ci gaba da tafiya. Wanda ke kan gaba, agogo abokinsa ne, kuma gudu ne ke cinye masa lokaci. A irin wannan lokacin kowa a filin ya san gudun za ka yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku dubi Atlanta a wasan Super Bowl na Fabrairun 2017, da suka kara da New England. Sun yi gaba da 28 da 3, New England ta rage tazara zuwa 28 da 20. Saura ƙasa da minti biyar, ƙwallo na hannun Atlanta, yadi 22 tsakaninsu da layin ci. Bugun maki uku, wato buga ƙwallo da ƙafa ya wuce tsakanin sanduna, kawai suke bukata tazarar ta koma goma sha ɗaya. Suka gwada gudu sau ɗaya, aka mai da su baya yadi guda, sai suka karaya suka koma jifa. Aka kayar da mai jifansu Matt Ryan, yadi goma sha biyu suka tafi. Alƙalin wasa ya kama su da laifin riƙe abokin hamayya, suka ƙara ja da baya, bugun ya fi ƙarfinsu. Tom Brady, mai jifan New England, ya karɓi ƙwallo da lokaci a hannunsa, ya farke, aka shiga ƙarin lokaci, New England ta ci 34 da 28.