Me ya sa samurai ke sauya ubangida?

Tambayar da kuka fi aiko mana ita ce: ta yaya sarkin yaƙin Japan Kobayakawa Hideaki ya juya wa mutanensa baya ana tsakiyar yaƙin Sekigahara a 1600, ya koma ɓangaren Tokugawa Ieyasu, jagoran da ya ci yaƙin, alhali an ce samurai, wato mayaƙin Japan na da, ba ya cin amana?

Mu koma Japan daga shekarar 1467. Fiye da shekara ɗari sarakunan yaƙi na cin ƙasar juna da mashi da baka, sai bindigar da 'yan Fotugal suka kawo a 1543. Takobin nan da kuke ƙauna yawanci yana rataye a ƙugu. Mu wuce.

Inda ake ɓata lissafi shi ne wajen lada. Ubangida kan ba baransa ƙasa ko shinkafa. Ma'aunin da ya yi fice shi ne koku, kusan kilo 150, abincin mutum guda na shekara. Gwargwadon rabonka, gwargwadon dawaki da makamai da mayaƙan da za ka kawo fagen fama, kuma daga aljihunka. Ƙari kuwa sai da shaida.

Ga yadda ake gabatar da shaidar. Bayan yaƙi, matan cikin ganuwa ke wanke kawunan da aka saro, su taje gashin, su rataya wa kowanne suna. Wani kan har a baƙanta masa haƙora, domin manya ne ke wannan ado, kuma kan babba ya fi lada. Ubangida na zaune, ana gabatarwa ɗaya bayan ɗaya, magatakarda na rubuta wanda ya kawo. Abin da ban tsoro, amma a nan ake yanke abin da iyalin mutum za su ci baɗi.

Wanda ya yi bajinta a ba shi takardar yabo. Ita ce jarinsa. In gidan ya rushe, ko an hana shi haƙƙinsa, sai ya naɗe ta ya nufi wata ƙofa. Wani samurai mai suna Todo Takatora ya faro a gidan Azai, ya sauya iyayen gida sau da dama, ya ƙare da koku sama da 300,000 ƙarƙashin Tokugawa. Ni dai ban ga laifinsa ba, mutum ne mai ciyar da jama'a.

Akwai waɗanda suka mutu tare da iyayen gidansu, babu shakka. Amma wa'azin biyayya har kabari ya fi ƙarfi bayan 1615, da aka daina yaƙi.

Hideaki kuwa, Tokugawa ya saka masa da ƙasar Okayama. Bayan shekara biyu ya rasu ba magaji, aka karɓe ta.