Tsakanin agogon Legas da na Guangzhou

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12, barkanmu da haɗuwa. An nemi kwamitin kasuwanci ya yi bayani kan ƙorafin da ya yi yawa, wai masu kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba sa ɗaukar waya. Yawanci laifin na agogo ne.

Guangzhou tana gaban Legas da awa 7, rani da damina. Ba a juya agogo a nan, ba a juyawa a can, saɓanin Ingila da ke canja nata a Maris da Oktoba. Duk faɗin ƙasar Sin lokaci ɗaya ake bi, don haka lissafin bai canjawa ko masana'antar tana wani gari.

To ga inda ake tuntuɓe. Mutum ya idar da sallar asuba, ƙarfe 6 ya buga waya. A can 1 na rana ce, an ci abinci an kishingiɗa, kuma hutun nan daga 12 zuwa wajen 2 ba sa wasa da shi. Ya ce bari sai ya isa shago. Cunkoson Oshodi ya riƙe shi, bai buɗe ba sai 11, su kuwa 6 na yamma ta yi, ana ta rufe ofis. Lokacin da ya fi amfani shi ne 7 zuwa 11 na safe agogonmu. Awa huɗu ne kacal, a gama magana kafin a hau titi.

Sai kwanan wata. Da zarar 5 na yamma ta yi a Legas, su sun shiga gobe. Idan aka ce a biya kafin ƙarshen ranar 10, aka tura bayan la'asar sakaliya, a takardarsu 11 ce. Wanda ya bari sai an sauko daga Juma'a, ƙarfe 9 na dare ya yi a can, ya sa rai sai Litinin.

Halin garuruwan ma ba ɗaya ba ne. Legas garin baki ne: a gaisa, a tambayi iyali, a ja ciniki, a ce Allah ya sa albarka. Mutumin Guangzhou rubutu yake so: lambar kaya, launi, adadin kwali, ranar lodi. WhatsApp ba ya aiki a can kai tsaye, WeChat suke amfani da shi. A rubuta da daddare, da safe a tarar da amsa. Saƙon murya da Turancin Legas kuwa wahalar da kai ne, rubutu shi manhajar ke fassarawa da sauƙi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ma'aikata na komawa garuruwansu kamar yadda muke cika motocin Arewa da Sallah, masana'antu su yi makonni a rufe. Mai son kayan azumi ko na Sallah ya duba kalandar biyu tare, ya ƙara kwanakin teku da na fitar da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can. Akwai kuma hutun 1 zuwa 7 ga Oktoba, sannan baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou, wanda ke farawa tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, lokacin da kuɗin masauki ke tashi. Sakatare zai liƙa waɗannan ranaku a allon ofis bayan an tashi.